Maciji a Adabin Baka na Hausa: Sharhi Daga Gonakin Yankara

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna cin karo da maciji a cikin aikinsu. Yana nan a labarin Bayajidda, yana cikin tatsuniya da karin magana, yana fagen bori, yana kuma cikin kwandon gardi ranar kasuwa. Galibin waɗanda suka taɓo shi a rubuce sukan ɗauke shi a matsayin alama, watau alamar mugunta, ko ta tsohon addini, ko ta wani mulki da aka kawar. Wannan fassara tana da nata amfanin. Sai dai mun lura cewa garin neman abin da maciji yake wakilta, an mance cewa shi dabba ne mai rai, wanda manomi yake takawa da ƙafarsa, kuma abin da manomin zai yi bayan ya taka shi ya danganta ƙwarai da abin da ya ji tun yana yaro. Manufar wannan takarda ita ce mu auna abin da adabin baka ya faɗa game da maciji da ma'aunin ilmin halittu da na likitanci, mu ga inda ya dace, da inda ya kauce, da kuma abin da kaucewar take jawowa.

Mun zaɓi ƙasar Yankara ta zama wurin awo saboda dalilai biyu. Na farko, gari ne na manoma a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, dab da iyakar Zamfara, kuma shi da maƙwabtansa na Ƙanƙara da Sabuwa ƙasa ce ta masara da dawa da auduga, ga duwatsu ga daji. Na biyu, a maƙwabciyarsu Malumfashi aka yi ɗaya daga cikin muhimman bincike kan saran maciji a ƙasar Hausa, cikin shekarun 1970, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila. Ke nan muna da magana a hannu ɗaya, muna da shaida a ɗaya hannun.

2.0 Abin da sunaye suka gani

Ya kamata mu fara da yabo, domin akwai abin yabo. Bahaushen karkara bai tsaya ga kalmar maciji kaɗai ba. Yana da kububuwa, da kasa, da kumurci, da gamsheƙa, da mesa, da tsadaraki, da damatsiri, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara wasu da dama bayan waɗannan. Kowane suna yana ɗauke da lura irin ta wanda ya zauna da abu shekara da shekaru.

A ɗauki kasa. In mutum ya cika barci akan kwatanta shi da ita. Masana, waɗanda suke kiranta Bitis arietans, sun tabbatar da abin da idon manomi ya gani, amma sun ba shi wata ma'ana. Kwanton ɓauna take yi. Takan kwanta wuri ɗaya kwana da kwanaki tana jiran ɓera ya gifta, launin jikinta ya saje da busasshen ganye, kuma saboda ta dogara ga ɓuya ba ta gudu in ta ji tafiyar mutum, kamar yadda yawancin macizai suke yi. Shi ya sa ake taka ta. Karin maganar ta kama rashin motsinta daidai, amma ta bar mai sauraro da zaton kasala, alhali kuwa saranta yana cikin mafi sauri a duk macizai. Haka nan kalmar macijin ƙaiƙayi, da ake jifan munafuki da ita, asalinta lura ce ta gaskiya: inda aka tara hatsi da ƙaiƙayi da kara nan ɓeraye suke taruwa, inda ɓeraye suka taru kuwa nan maciji yake zuwa cin abinci. Mu manazarta mun riƙe munafukin, mun yar da ƙaiƙayin.

Sunan da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne laƙabin da ake yi wa kububuwa, watau gobe da nisa. A wajen fasaha ba shi da na biyu. Kalmomi uku sun ɗauki hukuncin kisa ba tare da ambaton mutuwa ba. Kububuwa, wadda masana suka fi sani da Echis ocellatus, gajeriya ce, ba kasafai take wuce kamu biyu ba, amma ita ce ta fi kowane maciji kisa a ƙasashen ciyayi na Afirka ta Yamma. Pugh da Theakston, a rahotonsu na 1980, sun ƙiyasta cewa a wani yanki na kwarin Binuwai ana saran kusan mutum 500 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma kimanin 12 cikin 100 na waɗanda aka sara suna mutuwa, galibi ta dalilinta. To, laƙabin ya faɗi gaskiya game da haɗari. Amma ya yi kuskure game da lokaci, kuskuren kuwa shi ne mai tsada.

Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. David Warrell da abokan aikinsa, waɗanda suka yi aiki a asibitin koyarwa na Zariya a farkon shekarun 1970, sun bayyana yadda abin yake tafiya: wurin saran ya kumbura, sa'an nan jini ya fara tsattsafowa daga dasashi, ko daga tsohon rauni, ko ya fito cikin fitsari, kuma mutuwa, in za ta zo, takan zo ne bayan kwanaki, lokacin da jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa ko cikin ciki. Watau wanda kububuwa ta sara yakan ga gobe, har ya ga jibi. Illar da ke nan ita ce, in gari ya waye yana raye, yana magana, har ya sha kunu, sai danginsa su ce ai gobe ta zo, dafi ya karye, maganin da aka ba shi ya ci. Daidai lokacin da suka saki jiki, jininsa ya riga ya zama kamar ruwa. Su Warrell ne suka fito da gwajin nan mai sauƙi wanda ake amfani da shi har yau a asibitocin karkara: a zuba jinin majinyaci kaɗan a sabuwar kwalba busasshiya, a ajiye minti 20, a karkata ta. In jinin bai daskare ba, dafi yana aiki, ko da mutumin yana dariya.

Sai kumurci, Naja nigricollis, mai fasa kai yana tsarto dafi. A wasu wuraren shi ake kira gamsheƙa, a wasu kuwa gamsheƙa wani ɗan'uwansa ne da ba ya tsartuwa, wanda dafinsa yake shanye jiki ya tsai da numfashi cikin sa'o'i kaɗan. Binciken Malumfashi ya nuna cewa a wannan yankin namu kumurci ne ya fi damun mutane, kuma shi da na Zariya sun nuna wani abu da adabin baka bai tanadar mana ba: da yawa daga cikin saransa a cikin ɗaki ake yinsa, da dare, mutum yana barci a kan tabarma. Kumurci yakan shigo gida neman ɓera da kwaɗo da ƙwai da 'yan tsaki, mai barci ya juya ya danne shi. Dafinsa yakan ruɓar da nama, ya bar tabo ko naƙasa, wanda ya shiga ido kuwa yana iya makantarwa in ba a wanke shi nan take da ruwa mai yawa ba. Tatsuniya ta ajiye maciji a daji da bakin rafi da kogon itace, ga shi kuwa yana ƙarƙashin akurkin kaji. Wannan binciken ya kuma gano cewa waɗanda suka je asibiti cikin mutanen da kumurci ya sara ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Duk wannan tarin sunaye, da magariba ta yi sai a naɗe shi a ajiye. Al'ada ta hana kiran sunan maciji da dare, sai a ce igiyar ƙasa. Sakaya ce mai kyau, tana kuma nuna girmamawa irin ta mai jin tsoro. Amma ta mai da kububuwa da damatsiri abu ɗaya, a daidai lokacin da bambancinsu ya fi muhimmanci.

3.0 Rijiyar Kusugu

Babu wani maciji da ya kai na Daura suna a ƙasar Hausa. Kowane ɗan makaranta ya san labarin: baƙo ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, domin macijin da ke rijiyar Kusugu, mai suna Sarki, ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya tafi da takobinsa, ya sare kan maciji, ya ɓoye kan ya zama shaida, daga baya ya auri Daurama, daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Palmer ya buga wata ruwaya ta labarin a 1928, Hallam ya yi masa nazari a 1966, kuma tun daga nan ake ta muhawara: ko labarin yana nuni ne ga sauyin sarauta daga mata zuwa maza, ko ga shigowar baƙi daga gabas, ko ga faɗuwar wani tsohon abin bauta. Masu wannan ra'ayi na ƙarshe suna da abin kafa hujja, domin Tremearne da Greenberg, a rubuce-rubucensu kan bori da Maguzawa, sun ambaci Gajimare, iskan da ake dangantawa da bakan gizo da ruwa, mai siffar maciji. A bori kuma akwai Danko ɗan Musa, wanda in ya hau mutum sai ya riƙa jan ciki a ƙasa.

Abin da ya dame mu a nan shi ne abin da labarin yake bari a zuciyar yaro in an karanta masa shi a aji uku, ba tare da wannan muhawara ba. Yakan bar abu ɗaya: namiji shi ne wanda ya tunkari maciji ya sare kansa, ladansa kuwa sarauta da sarauniya. Amma in aka sake duban labarin da kyau za a ga wani ɓangare da ba a cika tsayawa a kansa ba. Kafin zuwan baƙo, mutanen Daura suna zaune da macijin nan bisa wata ƙa'ida. Sun san wurinsa, sun san ranarsa, ba su shiga hurumin da ba nasu ba. Ƙa'idar ta matsa musu, gaskiya ne, shi ya sa suka yi murna da karyewarta. Duk da haka labarin ya adana mana shaidar cewa Bahaushe ya taɓa sanin wata hanyar zama da maciji wadda ba ta takobi ba. Irin wannan zama bai ɓace gaba ɗaya ba. Har yanzu akwai gidajen da ba a kashe macijin da aka gani cikin ɗaki sai an yi masa gargaɗi, saboda hadisin da Muslim ya ruwaito game da macizan gidajen Madina, ko da yake akwai wasu hadisan da suka yi umurni da kashe mai cutarwa.

Batun sare kai ya sake fitowa a karin magana, inda akan ce an kashe maciji ba a sare kansa ba, watau an bar aiki rabi. A ilmin halittu ma sare kan bai gama aikin ba. Maciji dabba ne mai sanyin jini, gaɓoɓinsa ba su mutuwa da wuri, kuma kan da aka sare yana iya sara ya zuba dafi bayan an raba shi da gangar jiki. Likitoci a ƙasashe da dama sun ga mutanen da matattun macizai suka sara. Daɗin daɗawa, wani kaso na saran da ake kaiwa asibiti yana faruwa ne garin kisa: maciji yana neman hanyar gudu, mutane suka tare shi da sanduna, aka rutsa shi, ya kare kansa. Wanda ya ja da baya taku uku ya ba shi hanya ba ya shiga wannan lissafi. Sai dai babu mawaƙin da ya taɓa wasa mai ja da baya.

Tatsuniya ma ta bi wannan layi. Akwai wadda ake yi ta manomin da ya ɓoye maciji a cikinsa don ya tsirar da shi daga masu kisa, maciji ya ƙi fita, har sai da zalɓe ya zaro shi, manomin kuma ya juya ya kama zalɓen. Jigonta butulci ne, kuma abin sha'awa shi ne ta raba butulcin tsakanin maciji da mutum, ba ta bar shi ga maciji shi kaɗai ba. Akwai kuma ta yarinyar da ta ƙi duk manemin da ke da tabo, ta auri kyakkyawan baƙo, ashe maciji ne ya rikiɗa. A duka biyun an ba maciji niyya, da dabara, da ƙulli. Daga nan ne imanin nan ya samo ƙarfi, cewa maciji yana riƙe mutum a zuci, ko ana turo shi. Wanda ya gaskata cewa turo masa maciji aka yi, ba asibiti zai fara nufa ba.

4.0 Lissafin gardi

Wasan gardawa wasan kwaikwayo ne cikakke, da kiɗa da kirari da 'yan kallo, kuma ya cancanci nazari a matsayinsa na fasaha. Gardi yakan buɗe kwando ranar kasuwa, ya ɗauko kumurci ko mesa ya rataya a wuya, ya sa kan maciji a bakinsa, sa'an nan ya fito da ƙullin magani. Kallo kyauta ne, maganin ne na kuɗi. Saƙon wasan kuwa shi ne cewa akwai asirin da ke hana dafi aiki.

Ana cewa maciji yana rawa da kiɗan gardi. Maciji ba shi da kunne na waje. Yana jin motsin ƙasa ta haɓarsa, yana kuma ɗan jin sauti mai kauri, amma abin da yake bi da kansa in ya fasa kai shi ne motsin hannu ko gwiwar mai wasan. Harshen da yake zarowa, wanda 'yan kallo suke ja da baya in sun gani, ba ya sara, da shi yake ɗebo ƙamshi ya kai wata gaɓa da ke rufin bakinsa. Sanannen abu ne kuma a ƙasashen da ake wannan sana'a cewa akan cire wa maciji haƙoran dafi ko a ɗinke bakinsa. Haƙoran sukan sake tsirowa, shi ya sa ake samun masu wasa da maciji cikin waɗanda maciji ya kashe.

To, me ya sa mutane masu hankali, waɗanda ba a cutarsu a cinikin taki ko na shanu, suka amince da maganin? Amsar lissafi ce. Cikin nau'in macizai kusan 4,000 da ke duniya, kimanin 600 ne masu dafi, kuma wajen 200 ne kawai suke da haɗari sosai ga mutum. Saboda haka saran da yawa na marasa dafi ne. Ko mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba dafi ba. Ita kanta kububuwa, in ba a yi magani ba, takan kashe tsakanin 10 da 20 cikin 100. Ma'ana, in mutum goma da kububuwa ta sara suka je wurin mai magani, takwas ko tara za su tashi ko da ruwan sanyi ya ba su. Waɗannan takwas su ne za su yi ta ba da labari a kasuwar Yankara da ta Sheme har ƙarshen ransu. Biyun da suka mutu kuwa sai a ce kwana ne ya ƙare. Da irin wannan ciniki ba a faɗuwa.

A gefe guda, a asibitin Kaltungo ta Jihar Gwambe, inda aka fi ko'ina karɓar waɗanda maciji ya sara a Nijeriya, allurar kashe dafi ta sauko da mutuwa ƙasa da 2 cikin 100. Bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu shi ne rayukan da ake magana a kansu. Ba mu ce kowane mai maganin gargajiya maƙaryaci ne ba, da yawansu sun gaskata abin da suka gada. Amma ɗaure ƙafa tamau da igiya yana kashe naman da ke ƙasan ɗaurin har a kai ga yankewa, tsaga wurin saran ko kafa ƙaho ga wanda jininsa ba ya daskarewa buɗe masa ƙofar mutuwa ne, baƙin dutse kuwa ba ya tsotse dafin da ya riga ya shiga jiki. Abin da likitoci suka yarda da shi kaɗan ne: a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe ko awarwaro, a ɗaura wa gaɓar itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibiti.

Wajibi ne mu faɗi cewa wannan kalma ta ƙarshe tana da nauyi a ƙasar da muke magana a kanta. Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suna cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a Jihar Katsina, kuma sace ɗaliban makarantar sakandaren Ƙanƙara fiye da 300 a watan Disamba na 2020 ya sanar da duniya halin da ake ciki. Inda fita da dare ya zama kasada, faɗin a nufi asibiti ya fi yinsa sauƙi. Ita ma allurar tana da tsada, ba kuma ko'ina ake samunta ba, musamman bayan kamfanin Sanofi ya daina yin tasa mai suna Fav-Afrique a 2014. A nan ne gyaran laƙabin kububuwa yake da amfani na zahiri. Gaggawa ita ce mafi alheri koyaushe, ga saran gamsheƙa mai tsai da numfashi kuwa babu jira sam. Amma wanda kububuwa ta sara, in dare ya tsare shi, tafiyar asuba ba ta ɓaci ba, kuma ko bayan kwana biyu ko uku allurar tana iya mai da jini ya daskare. Wanda ya ɗauka cewa gobe ta yi masa nisa ba zai ga dalilin tashi ba.

5.0 Inda tsoro yake fitowa

Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masana halayyar ɗan'adam sun isa ga wannan magana ta doguwar hanya. A shekarun 1980 Susan Mineka da abokan aikinta a Amurka sun gwada birai waɗanda aka haifa a tsare, suka ga ba su tsoron maciji. Da aka nuna musu wasu birai 'yan daji suna firgita da ganin maciji, nan da nan suka koya, tsoron kuma ya zauna. Da aka shirya hoto mai motsi ya nuna biri yana firgita da fure, ba su koya ba. Lynne Isbell ta ƙara da cewa, a ra'ayinta na 2006, daɗewar zama da macizai na cikin abin da ya kaifafa ganin birai da mutane. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, an halicce mu da saurin lura da maciji, amma yadda za mu ji da abin da za mu yi in mun gan shi, daga manya muke koyo. Ihun uwa, da tatsuniyar kaka, da kirarin gardi, su ne makarantar.

Saboda haka ba mu tare da masu cewa a cire wa mutane tsoron maciji, kamar yadda ake yi a ƙasashen da macizansu ba su kisa. A Yankara tsoron kububuwa hankali ne. Abin da ake bukata shi ne a ba tsoron ido, ya san wanda zai ji da inda zai ji shi. Tsoro mai ido shi ne yake sa manomi ya sa dogon takalmin roba lokacin sharar gona da girbi, ya buga tarin kara da sanda kafin ya sa hannu, ya riƙe tocila in zai zagaya da dare, ya kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa, ya nisanta rumbu da akurki daga ɗakin kwana, ya hana yara zura hannu ramin gafiya ko cikin suri. Tsoro makaho kuwa gudun tsumma yake sa shi, sa'an nan ya taka kasa da silifa.

6.0 Waɗanda ba a yi wa kirari

Babban giɓin adabinmu a wannan fage shi ne bai san maciji mai amfani ba. Akwai macijin gida mai launin ƙasa, marar dafi, wanda abincinsa ɓeraye ne. Akwai mai haɗiye ƙwan tsuntsu, Dasypeltis, wanda kusan ba shi da haƙori, amma yana da zane irin na kububuwa, har yana kwaikwayon ƙarar da take yi in ta goga jikinta. Dabarar da ke tsirar da shi daga shaho ita ce take jawo masa sanda. Kowane ɗayan waɗannan da aka kashe, ɓerayen rumbu ne suka sami sauƙi, cikinsu har da ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Borno. Mesa kuwa fatarta ce ta zame mata bala'i, ga shi tana cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta 1975 da dokar Nijeriya ta 1985 suka taƙaita cinikinsu.

Ko masu dafin ma akwai bukatar su rayu. Allurar kashe dafi da dafi ake yinta: a tatsi maciji mai rai, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar dafin kaɗan kaɗan, sa'an nan a tace garkuwar da jininsu ya yi. Cikin alluran EchiTAb guda biyu da aka gwada kan mutum 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010, wadda aka haɗa a Kwasta Rika an yi ta ne da dafin macizai uku na Nijeriya, watau kububuwa da kasa da kumurci, daidai ukun da muka tattauna a sama. Maganin hawan jini mai suna captopril daga nazarin dafin wani macijin Barazil ya samo asali, tirofiban na ciwon zuciya kuwa daga dafin wata 'yar'uwar kububuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara ta dalilin saran maciji, ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ƙuduri rage mutuwa da naƙasa da rabi kafin 2030. A Jami'ar Bayero, Farfesa Abdulrazaq Habib da abokan aikinsa sun daɗe a kan wannan aiki.

Rabonmu na masu nazarin harshe a ciki a fili yake. Sunayen da Bargery ya tattara shekaru casa'in da suka wuce suna bukatar a bi su gari gari, a zauna da mafarauta da makiyaya da tsofaffin manoma, a nuna musu hoto, a rubuta wane suna ne ya hau kan wane maciji a Yankara, wane ne a Sabuwa, ina ne kumurci da gamsheƙa suke musayar suna. Ma'aikacin lafiya da zai yi wa'azin riga-kafi a rediyo yana bukatar wannan jeri, haka ma mai rubuta littafin firamare, haka ma ma'aikatan dajin Kogo, wanda Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa. Masu riƙe da sunayen tsofaffi ne, kuma da yawansu rashin tsaro ya riga ya taso su daga ƙauyukansu zuwa Funtuwa da Faskari, inda jikokinsu suke tashi da kalma ɗaya tak, watau maciji.